Kwamfutar Hannu A Daɗin Kowa: Riba Da Asarar Da Ke Cikin Sake Ɗora Windows

JOS. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da manhajar nan mai suna Windows 10, bayan ta yi shekara goma ana aiki da ita a ko'ina cikin duniya. A unguwar Daɗin Kowa da ke kan hanyar Jos zuwa Bukuru babu abin da ya bayyana a fili a wannan rana, domin kuwa kwamfutocin da ke ɗauke da manhajar sun ci gaba da kunnuwa kamar yadda suka saba, kuma har yanzu suna kunnuwa. Sai dai tun daga ranar darajar da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ke jere a kantuna ta ragu, ko da kuwa farashin da ke bakin mai kaya bai sauka ba.

Daɗin Kowa tana cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, tana maƙwabtaka da Zarmaganda da Rayfield, kuma mazaunanta ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ɗalibai daga ƙabilu dabam-dabam, waɗanda sau da yawa Hausa ce ke haɗa su a wurin ciniki. Bukatar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda matasa ke kira laftof, ba ƙarama ba ce a wannan yanki. Ga ɗaliban Jami'ar Jos, ga na Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Rayfield, ga masu koyon aikin fim, sa'an nan ga masu shagunan buga takardu da cike fom. Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ko iyayen da ba su taɓa danna na'urar ba sun fara tunanin samar wa 'ya'yansu.

Abin da ya hana mafi yawansu sayen sabuwa lissafi ne mai sauƙi. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi wuri guda, dalar Amurka tana kan naira 460 ko kusa da haka a farashin hukuma. Kafin ƙarshen watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan kwamfutar da ake sayarwa dala 500, wadda a da za ta kama naira 230,000, ta koma naira 750,000 tun ba a sa kuɗin fito da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 kuwa naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya tara albashinsa na fiye da wata goma, bai ci ba bai sha ba, kafin ya iya sayen irin wannan na'ura a cikin kwali. Don haka kasuwar ta koma hannun masu sayar da kwamfutar hannu, wadda ake yi wa laƙabi da 'yar Landan ko Beljiyam, ko da kuwa ba daga can ta fito ba.

Mafi ingancin waɗannan kaya sun fito ne daga ofisoshin kamfanoni da makarantu da ma'aikatun gwamnati na Turai da Amurka, inda aka saba canja kwamfutoci bayan 'yan shekaru. Shi ya sa HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad suka fi yawa a kan kanta. Dillalai ke saye a jimla su turo Legas, a sauke a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Alaba, daga nan ƙananan 'yan kasuwa su ɗauko zuwa Jos. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da cibiyar Yarjejeniyar Basel da ke Ibadan, wanda aka fitar a shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ne suka shigo Nijeriya a kowace shekara cikin 2015 da 2016, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki. Ƙiyasin ya haɗa da talabijin da firji da sauransu, amma ya isa ya nuna wa mai saye irin tafkin da yake jefa ƙugiyarsa a ciki.

Akwai abin lura a nan ga mutanen Filato. Kududdufan da ke kewaye da Rayfield da Bukuru ragowar ramukan haƙar kuza ne da kamfanonin Turawa suka bari, kuma kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita a yau tana tafiya ne wajen liƙa ƙananan sassan kayan lantarki. Ƙasar da ta daɗe tana fitar da ma'adinin ita ce ke karɓar na'urar bayan wasu sun gama cin moriyarta.

Duk wanda ya sayi irin wannan kwamfuta, abu na farko da zai ji daga bakin mai gyara shi ne a yi mata fomatin. Ma'anar haka ita ce a goge duk abin da ke cikin faifan ajiyarta, a sake ɗora mata babbar manhajar da ke tafiyar da komai, wato Windows a mafi yawan lokuta. Wannan babbar manhaja ita ce ke tsakanin ƙarfen na'urar da sauran manhajojin rubutu da lissafi da zane, kuma idan ta lalace ko aka cusa mata wani abu, duk abin da aka ɗora a kanta ya shiga haɗari. Mai saye bai san hannu nawa kwamfutar ta bi ba tsakanin Landan da Ikeja da Jos, bai kuma san abin da kowane hannu ya bari a ciki ba. Manhajar da ke leƙen kalmar sirri ba ta nuna kanta a fuskar allo. Mutumin da zai riƙa shiga asusun bankinsa ta wannan na'ura, rashin goge ta ganganci ne.

Haɗarin bai tsaya kan mai saye kaɗai ba. A shekarar 2003 wasu masu bincike biyu na cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka sun bayyana cewa sun sayi faifan ajiya na hannu guda 158, suka tarar 12 ne kacal aka goge yadda ya kamata, suka kuma tono lambobin katin banki fiye da 5,000 daga sauran. A shekarar 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi wani faifai a Ghana kan dala 40, suka sami takardun kwangilar tsaro ta gwamnatin Amurka a cikinsa. Dalili kuwa shi ne gogewar gaggawa ba ta share bayanai, tana dai cire sunayensu ne daga jadawali, kamar a yage shafin farko na littafin bashi a bar sauran. Ma'aikacin da ya kai tsohuwar kwamfutarsa Daɗin Kowa don ya yi musaya ya cika kuɗi, ya kamata ya tabbatar an yi cikakkiyar gogewa a gabansa. Ga kamfanoni da asibitoci da makarantu masu riƙe bayanan jama'a kuwa, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora musu alhakin kiyaye waɗannan bayanai, kuma sayar da tsohuwar na'ura ba ya sauke shi.

Shi kansa aikin ba mai wuya ba ne. Ana bukatar filash mai ɗaukar aƙalla gigabait 8, a sauko da manhajar daga shafin Microsoft, wanda ba a biyan ko kwabo a kansa, a tayar da kwamfutar daga filash ɗin, a share ɓangarorin faifai, sa'an nan a bar ta ta ɗora kanta. Bayan haka sai a nemo ƙananan manhajojin da masu gyara ke kira direbobi, waɗanda ke sa sauti da kyamara da na'urar kama intanet su yi aiki. Wani lokaci akan isa matakin zaɓen faifai a tarar babu shi a jerin, musamman a kwamfutocin da ke da injin Intel na zubi na 11 zuwa sama, har mai ƙaramin sani ya yanke cewa faifan ya mutu ya sa a sayi wani, alhali direba guda ne ya rage a ɗora. Wanda batirinsa ya mutu kuma sai ya yi hattara da ɗaukewar wuta. Idan ta yanke ana tsakiyar ɗora Windows, ɓata lokaci ne kawai, a sake daga farko, amma idan ta yanke ana sabunta ƙaramar manhajar da ke cikin babban allon na'urar, wato BIOS, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Inda tsadar take shi ne data. Manhajar ta haura gigabait 5, ga sabuntawar da za ta biyo baya, kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. A nan ne sana'ar mai gyara ta samu gindin zama. Shi sau ɗaya yake saukowa ya ajiye a filash, ya yi ta ɗora wa kwamfuta bayan kwamfuta ba tare da ya sake kashe wani kuɗin data ba, saboda haka yana iya yin aikin da arahar da mai kwamfuta ɗaya ba zai samu ba idan shi zai yi da kansa. Wannan rabon aiki ne mai ma'ana, ba kuma abin zargi ba ne. Matsalar tana tasowa ne idan abin da ke cikin filash ɗin ba daga Microsoft ya fito ba. Akwai kwafe-kwafen Windows da wasu da ba a san ko su wane ne ba suka taɓa, suka cire sassan tsaro don ta yi sauri, suka watsa a intanet. Wanda aka ɗora wa irin wannan ya gudu ne bai tsira ba, domin ya goge abin da yake zargi ya sa abin da ya fi shi zama abin zargi.

Batun lasisi shi ne inda ake yin asarar da ba ta da dalili ko kaɗan. Farashin Windows 11 na gida a shagon Microsoft dala 139 ne, na ofis kuma, wato Pro, dala 199. Idan aka ɗauki dala kan naira 1,500, na gidan ya kai naira 208,500, kusan albashin wata uku ke nan ga mai ƙaramin mataki, kuma ba mamaki ya zarce kuɗin ita kanta tsohuwar kwamfutar. Wannan ne ya sa aka saba amfani da manhajar fasa ƙwauri don buɗe Windows, abin da ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka, kuma sau da yawa sai an kashe mai gadin na'urar kafin a sa ta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun daga zamanin Windows 8, wato shekarar 2012, manyan masu ƙera kwamfuta suna dasa lambar lasisi a cikin babban allon na'urar. Kamfanin Turai da ya fara sayen wannan ThinkPad ya riga ya biya kuɗin lasisin, kuma lasisin ya biyo ta har Jos. In aka ɗora mata irin Windows ɗin da ta zo da shi, na gida ko na ofis, aka haɗa ta da intanet, za ta buɗe da kanta. Mai gyaran da ke da kwafi iri ɗaya tak a filash ɗinsa, ya ɗora wa kowa shi, ya bi da manhajar fasa ƙwauri, ya raba mai kaya da abin da yake halaliyarsa. Tsofaffin da ke da takardar Windows 7 manne a ƙarƙashinsu dai zancensu daban ne, domin a watan Satumba na 2023 Microsoft ya rufe ƙofar amfani da waɗannan lambobi wajen buɗe sabuwar manhaja.

Sa'an nan akwai makullai iri biyu da fomatin ba ya buɗewa. Na farko kalmar sirrin BIOS, wadda ma'aikatan kamfanin da ya mallaki na'urar suka sa. A kwamfutocin ofis na zamani cire ƙaramin batirin ciki ba ya share ta, kuma idan an toshe hanyar tayarwa daga filash, to ko fara aikin ba za a iya ba. Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Manyan kamfanoni suna yi wa kwamfutocinsu rajista a wani tsari na Microsoft mai suna Autopilot, wanda ke gane na'ura ta siffofin ƙarfenta. Idan kamfanin ya sayar da ita bai cire sunanta ba, tana iya yin aiki lafiya a hannun mai shago, amma ranar da aka goge ta aka haɗa da intanet sai ta fito da sunan wani kamfani na wata ƙasa, ta nemi ma'aikacinsa ya shiga. A ce ɗaliba ta haɗa kuɗin da iyayenta suka yi wata da watanni suna tarawa ta saya, ta yi zango guda tana aiki da ita, sai na'urar ta fara nauyi ta kai a goge, ranar ce za ta san abin da ta saya, kuma a lokacin garantin mako ɗaya ko biyu da aka ba ta da baki ya daɗe da wucewa.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin irin wannan kasuwa. A shekarar 1970 George Akerlof, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi nazarin cinikin motocin hannu, ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san aibin kaya mai saye bai sani ba, mai saye zai ƙi biyan farashin mai kyau don tsoron a haɗa shi da marar kyau, daga nan masu kaya na ƙwarai su janye, a bar kasuwa da tarkace. Bahaushe ya taƙaita shi da cinikin biri a sama. Sai dai a kasuwar Jos akwai ƙari, domin sau da yawa shi ma mai shagon bai sani ba, tun da a jimla ya saya a Ikeja, ya kunna ya ga haske ya biya.

Maganin wannan ba ya bukatar sabuwar doka. Dokar gasa da kare masu saye da aka sa wa hannu a farkon 2019 ta riga ta wajabta bayyana cewa kaya na hannu ne, ta kuma ba mai saye haƙƙin samun kayan da ya dace da abin da aka saye shi dominsa. Abin da ya rage shi ne canja lokacin da ake yin fomatin. Idan aka mayar da shi cikin sharuɗɗan ciniki, wato a goge a sake ɗorawa a haɗa da intanet a gaban mai saye kafin ya cika kuɗi, to a cikin awa ɗaya ko biyu duk makullan nan za su bayyana, a ga ko lasisi ya buɗe, a ga lafiyar faifai da ta batir. A rubuta lambar na'urar a kan rasit. Mai shagon da ya yarda da wannan sharaɗi ya bambanta kansa da wanda ya ƙi, kuma yana da hujjar neman ƙarin farashi.

Tambayar da ta fi nauyi a yanzu ita ce wace manhaja za a ɗora. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, tana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin Intel na zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Sharaɗin ƙarshen nan ne ya raba kasuwa gida biyu. EliteBook 840 G3 da Latitude E7470 da ThinkPad T460, waɗanda suka yi suna wajen ƙarko, duk na zubi na 6 ne, ba su cika sharaɗi ba. Latitude 7490 ko ThinkPad T480 mai injin zubi na 8 kuwa ta cika. A ido kusan ɗaya suke, kuma mai shago zai ce dukansu Core i5 ne, gaskiya kuma ya faɗa. Bambancin yana cikin lambar da ke biye: i5-6300U na zubi na 6 ne, i5-8350U na zubi na 8.

Masu gyara suna da dabarar tsallake sharuɗɗan su ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, kuma takan yi aiki. Amma Microsoft ya bayyana cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan gyare-gyaren tsaro ba, kuma kowane zubi na shekara na Windows 11 na gida da na Pro wata 24 ake kula da shi. Ke nan mai na'urar zai riƙa komawa wurin mai gyara lokaci-lokaci, kuma wannan kuɗi ne da ya kamata a cire daga farashin tun ranar saye. Ga wanda ya zaɓi zama kan Windows 10, kamfanin ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane shirin ƙarin wa'adin tsaro na shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba na 2026, kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa na'urarsa da asusun Microsoft ya ajiye saitunansa a can. Ga kamfanoni kuwa an sa dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Zama babu gyaran tsaro ba abin wasa ba ne. A watan Mayu na 2017 manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa da Microsoft ya riga ya toshe wata biyu kafin nan, ta durƙusar da kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila.

Hanya ta uku ita ce barin Windows baki ɗaya a koma Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne, ba sa bukatar lasisi, kuma suna tafiya da sauri a kan tsofaffin na'urori. Ga ɗalibin da bukatarsa rubutu ne da bincike a intanet wannan ya wadatar, kuma ya fi Windows ɗin fasa ƙwauri aminci nesa ba kusa ba. Amma ga mai shagon buga katin biki da ke rayuwa kan CorelDRAW, ko mai tace fim da ya saba da manhajojin Adobe, zancen bai taso ba, domin ba a yi su don Linux ba, kuma masu gyaran da suka iya ta ba su kai na Windows yawa ba.

A watan Disamba na 2023 kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 ne a duniya za su iya zama shara saboda ƙarewar wa'adin Windows 10, tun da ba za su karɓi Windows 11 ba. Dokokin Turai sun hana fitar da sharar lantarki zuwa ƙasashe irin Nijeriya, amma kwamfutar da ke kunnuwa ba shara ba ce a idon doka, kayan hannu ce, kuma hanyarta zuwa Legas a buɗe take. Ɗan kasuwar Daɗin Kowa da zai je sari Ikeja zai tarar da na zubi na 6 da na 7 sun fi sauƙin kuɗi a jimla, kuma da jarin da zai sayi 'yan kaɗan na zubi na 8 zai iya cika kantarsa da su. Idan ya cika, jarinsa ya kwanta a kan kayan da darajarsu za ta ci gaba da sauka gwargwadon yadda masu saye a Jos ke koyon karanta lambar da ke bayan i5.